Tafiya Cikin Kufan Kakanni: Me Ya Dace Musulmi Ya Faɗa Idan Ya Tsaya a Kansu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta, Yake gadar da ita ga al'umma bayan al'umma. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, wata al'ada ta fara yaɗuwa tsakanin samarinmu da ɗaliban madarasu. Idan an gama girbi, sanyi ya shigo, sai su haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota, su ɗaure tabarmi da barguna da tukunya da jarkunan ruwa a bisanta, su yi kwana uku ko huɗu suna zagaya wuraren tarihi na wannan jaha tamu, suna kwana a fili duk inda dare ya riske su. Yawanci daga Maraɗi ake tashi, a bi babbar hanyar Damagaram ta Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa, tafiyar kusan kilomita 120, a zarce Maijirgi, sa'an nan a juya arewa a gangara Gulbin Kaba wajen Mayahi kafin a komo gida. Iyaye da yawa sun zo suna tambayarmu, ko wannan abu wasa ne da ɓarnar kuɗi, ko kuwa ma yana da kamar bidi'a, tunda ba aikin hajji ba ne, ba fatauci ba ne, ba kuma ziyarar dangi ba.

Amsar wannan tambaya ba ta da wuya. Alƙur'ani Mai girma ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa domin duban ƙarshen waɗanda suka gabata, a Suratu Ali Imrana, da Suratul An'ami, da Suratur Rumi, da wasunsu. Ladubban matafiyi kuma sanannu ne: su shugabantar da ɗaya daga cikinsu, kada su sauka a kan turba da dare domin hanyar dabbobi da miyagun ƙwari ce, kada su warwatsu a masauki, su kashe wuta kafin barci. Idan tafiyar ta kai mil 48, watau wajen kilomita 80, sai su yi ƙasaru kamar yadda ya zo a Risala, matuƙar ba su yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba. Wanda ya kiyaye waɗannan, da izinin iyayensa, ba mu ga laifi gare shi ba.

Tambayar da ta fi nauyi ba iyaye suka kawo ta ba, samarin da kansu suka komo da ita. Domin idan an ci tuwon dare, an kewaye wuta, sai hira ta koma kan abin da aka gani da rana, kuma a nan ne tarihin ƙasar nan yake buɗe wani miki wanda da yawanmu suka saba rufe shi da shiru.

Ga mikin. Mu mutanen wannan yanki muna ƙaunar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama. Littattafansa muke karantawa a zaurukanmu, kuma namu ne ta kowace fuska, tunda a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Gobir da ke Nijar ta yau, ya kuma je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Amma garuruwan da muke zaune cikinsu, waɗanda suka yaƙi jama'ar Shehu ne suka kafa su ko suka raya su. Birnin Katsina ya faɗi hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya gudu zuwa Ɗankama, inda ya halaka cikin rijiya, waɗanda suka tsira kuma suka bi Ɗan Kasawa zuwa Damagaram, daga baya suka komo suka zauna Maraɗi, suna riƙe da sunan sarautar Katsina har yau. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka mutu tare da jama'a mai yawa, bayan haka ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Tasawa kuwa tsohon gari ne na ƙasar Katsina, wanda ya zama mazaunin wani reshe na gidan sarautar a ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi saboda rikicinsa da Ƙaura Hasau. To, yaron da ya karanta tarihin jihadi a madarasa, ya ji ana kiran waɗannan sarakuna da sunan da ake kiran abokan gaban addini, sa'an nan ya tsaya a ƙofar fadar Tasawa ya gane cewa kakannin uwarsa ake nufi, me zai ce?

Mun saurari abin da suke faɗa, mun ga sun kasu. Akwai mai cewa waɗancan mutane arna ne, sun yaƙi gaskiya, makomarsu wuta, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka ko da a gaban jikokinsu. Akwai mai cewa jihadin nan mulkin Fulani ne kawai aka lulluɓe da rawani, kakanninmu su ne jarumai da suka ƙi miƙa wuya. Na farko yana ganin ya kare addini, na biyu yana ganin ya kare asali. A ganinmu dukansu biyu sun ɗora wa kansu kayan da Allah bai ɗora musu ba.

Bari mu fara da mai la'anta, domin shi ne ya fi kusa da mu, kuma da harshenmu na malamai yake magana. Ya kamata ya sani, Allah Ya yi masa rahama, cewa mas'alar da yake yankewa cikin numfashi guda a bakin wuta, manyan malaman wancan zamani sun shekara suna jayayya a kanta. Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, yana mai kafa dalili da cewa saɓo daban, kafirci daban, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga saɓo da miyagun al'adu. Muhammadu Bello ya ba shi amsa da nasa hujjoji, mafi ƙarfinsu shi ne cewa wanda ya taimaki masu yaƙar Musulmi a kan Musulmi hukuncinsa ya sauya. Abin lura a nan, Bello bai ɓoye wasiƙun abokin jayayyarsa ba, ya shigar da su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri domin na baya su karanta. Shehu Usmanu da kansa ya saɓa wa malaminsa Jibrilu a kan kafirta mai babban zunubi, ya kuma yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin tauhidi irin na masu ilimi. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, tun yaƙi bai ƙare ba ya ga son duniya ya shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙa, ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya Kano. Idan waɗanda suka ɗauki tuta da hannunsu sun yi wannan taka-tsantsan, ina dalilin ɗan shekara ashirin da zai fi su zafi bayan shekara 200?

Ba muna cewa babu abin zargi a fadojin Maraɗi da Tsibiri ba. Akwai. An yi yanka ga iskoki, an girmama bori har yana da shugaba a cikin fada, Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, kuma duk wannan ɓata ne wanda ba mu yi masa kwaskwarima. Amma a fadojin nan dai akwai liman, akwai alƙali, akwai makarantun allo, akwai wanda ya rayu ya mutu bai taɓa barin salla ba, ya fita yaƙi ne domin an ƙone rumbunsa ko an kama ɗiyarsa. Hukunta aiki abu ne da shari'a ta ba mu, mu ce wannan shirka ne, wannan zalunci ne. Hukunta wani mutum ayyananne da cewa ɗan wuta ne, alhali ba mu san abin da ya isa gare shi na ilimi ba, ba mu san a kan me ya cika ba, wannan ba a ba mu shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kuma sau biyu a cikin Suratul Baƙara, a aya ta 134 da ta 141, aka maimaita mana darasi guda game da al'ummar da ta shuɗe: sakamakon aikinta nata ne, kuma ba za a tambayi na baya game da shi ba.

Sai mai alfahari. Shi kuma muna roƙonsa ya buɗe idonsa a kan hanyar da ya biyo. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya wuce Gazawa, ya nufi Katsina. Abin da ya tarar tsakanin Gazawa da Katsina daji ne mai ban tsoro wanda ayari ba ya ratsa shi sai da shiri, a cikinsa kuma har da kufan Ɗankama, garin da a da yake cike da mutane. Wane ne ya mayar da gonaki daji? Hare-haren ɓangarorin biyu ne, shekara da shekaru. Mahayan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, sun sha kai hari ƙasar Katsina da Zamfara, kuma abin da ake komowa da shi ba shanu kaɗai ba ne. Ana komowa da mutane, a sayar da su, cikinsu da masu kalmar shahada. Haka su ma na kudu suke yi idan sun samu dama. Wanda ke jin daɗin kirarin kakansa, ya tuna cewa kowane kirari na yaƙi akwai wata uwa a bayansa wadda ba ta sake ganin ɗanta ba, kuma mai yiwuwa jikan wannan uwa shi ne yake kafaɗa da kafaɗa da shi a sahun Juma'a. Wasu malaman tafsiri sun kawo, a bayanin Suratut Takasuri, labarin ƙabilu biyu da suka yi ta gasar yawa har suka tafi maƙabarta suna ƙidayar matattunsu. Wanda ya hau mota ya tafi kufai domin ya ƙaro girman kai, ai ƙidayar nan ya je yi.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta malamai kawai wadda ba ta taɓa rayuwar yau. A cikin gundumomin Tasawa da Mayahi, Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi da Buzu suna shan rijiya guda, kuma kowace kaka sai an yi ƙarar ɓarnar gona ko toshe burtali. A Toda, cikin jahar nan tamu, a 1991, rikici irin wannan ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Ba tarihin jihadi ya haddasa shi ba. Amma zuciyar da aka rena da cewa waɗancan tun kakanni maƙiyanmu ne, ba ta da wuyar kamawa ranar da saniya ta shiga gero. Shi ya sa abin da ake faɗa a bakin wutar zango yake da nauyi a wurinmu, domin yaran da ke saurare su ne za su zama masu gari da limamai gobe.

Wani zai ce: to, idan haka ne, ashe shiru ya fi, a bar tafiyar, a bar tone-tone. Ba mu yarda ba, kuma Maijirgi ce hujjarmu. A nan ne, gabas kaɗan da Tasawa, kaburburan nasara biyu suke, Bule da Shanwan, waɗanda littattafan lakwal suke rubuta sunayensu Voulet da Chanoine. Su ne suka jagoranci rundunar Faransa da ta ratso ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, tana kashe na kashewa, tana kwashe mata da dukiya. Birnin Ƙonni ya ga abin da ya gani a watan Mayu na wannan shekara, mutanen Koran Kalgo kuma har yau suna ba da labarin abin da aka yi wa kakanninsu. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka aiko Kanar Kulob ya karɓe rundunar, sai Bule ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu, suka kashe Shanwan ranar 16, suka kashe Bule ranar 17. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata.

Shin hanin zagin matattu yana nufin mu tsaya a Maijirgi mu yi shiru a kan wannan? A'a. Malamai sun bambanta zagi da shaida. Ambaton zaluncin azzalumi domin a san shi, a guje shi, a kuma san haƙƙin waɗanda aka zalunta, ba ya cikin abin da aka hana. Da yana ciki, da Alƙur'ani bai ba mu labarin Fir'auna da mutanen rami ba. Saboda haka a faɗi abin da aka yi, a faɗi sunan wanda ya yi umurni, a faɗi sunayen garuruwan. Sai dai wanda zai faɗa, ya faɗa duka. Nasara a cikin wannan runduna ba su kai goma ba. Hannuwan da suka riƙe bindigogi, suka cinna wa bukkoki wuta, hannuwan baƙar fata ne da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, sun bi umurni wata da watanni, ba su juya ba sai da abin ya zo kan makomarsu. A nan darasin yake taɓa mu. La'antar Bule ba ta da tsada, kowa yana iyawa. Abin da ke da tsada shi ne mutum ya tambayi kansa, a wurin aikinsa, ko a cikin kaki, ko a gaban mai ba shi abinci, wane umurni ne zai ce ba ya bi ko da za a kore shi.

Ma'aunin da muke da shi a kan irin waɗannan wurare shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a Hijiri, gidajen Samudawa, a kan hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Bai hana sahabbai sanin wurin ba, bai kuma ɓoye musu labarinsa ba. Amma ya hana su shiga sai suna masu kuka da tsoron kada abin da ya sami waɗancan ya same su, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ku duba, 'yan'uwa, tsoron ya mayar da shi kan masu kallo. Bai ce su yi murna da sun fi Samudawa ba. Wannan ya sa ba ma jin daɗin ganin samari sun hau kan kabari a Maijirgi suna dariya ana ɗaukarsu hoto da waya, kamar yadda ba ma jin daɗin ganin wani ya ɗebi ƙasar kabarin wani sarki ko malami ya ƙulle a gefen riga don neman albarka. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji mutane suna zuwa salla a gindin itacen da aka yi mubaya'ar Ridwanu, sai ya sa aka sare shi.

Akwai kuma wani sashe na tafiyar da samari suke ɗauka hutu ne kawai, alhali a wurinmu ya fi fadoji koyarwa, watau kwanan da ake yi a Gulbin Kaba. Kwari ne wanda ruwa ya daina gudu a cikinsa, ya ratsa ƙasar Mayahi, goriba ta cika shi, mata suna yankan kaba suna saƙa tabarmi da igiya da faifai. Babu ganuwa a nan, babu kabarin sarki. Amma duk ƙauyen da ka tambaya, za a gaya maka sunan wanda ya fara gina rijiyarsa, da inda ya fito, da abin da ya koro shi: wani yaƙi, wani harajin nasara da aikin tilas, wani yunwa. Tsofaffi suna lissafin shekaru da sunayen yunwa, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 wadda suka ji a bakin iyayensu, har ta 1984 wadda da yawanmu suka gani da ido. Waɗannan mutane da suka haƙa rijiya gaba talatin da hannu, suka binne 'ya'yansu a shekarar fari, suka sake shuka da ruwan farko, ba a yi musu kirari, marubuta tarihi na Sakkwato da na Faransa duka ba su san da su ba. Su ne mafi yawan kakanninmu. Yaron da ke ta jayayya a kan ko shi jikan jarumi ne ko jikan arne, galibi jikan mai haƙar rijiya ne, kuma abin da wannan kaka yake bukata gare shi addu'a ce.

Ita ma daukakar gari abar dubawa ce a wannan hanya. Tasawa ta taɓa zama mazaunin kumandan na dukan yankin, sai a 1927 aka mayar da mazaunin Maraɗi. Maraɗin ma tsohon garinta na cikin kwari ruwa ya ci shi a 1945, aka hau tudu aka sake gini.

Saboda haka ga abin da muke roƙon duk ƙungiyar da za ta shirya irin wannan tafiya. Kada a tafi sai da babba mai ilimi wanda ya san tarihin ɓangarorin biyu, wanda zai iya karanta hujjar Bello ya kuma karanta hujjar al-Kanemi ba tare da ya murguɗa ɗaya ba. Idan an isa gari, a fara da gaida mai gari, a nemi izinin sauka, a bar shi ya nuna wurin kwana, domin zamanin nan baƙon da ya kwana a daji ba da sanin kowa ba yana jawo wa kansa zargi, yana kuma tsorata mutane. Kada a sari ɗanyen gawo ko goriba don hura wuta, kada a wanke tukunya a bakin rijiya. A nemi tsofaffin garin a zauna da su bayan sallar isha'i, a tafi musu da goro da sukari, a rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, da sunan garin da ranar. Idan akwai rugar Fulani kusa, a je can ma a yi sallama a tambaye su yadda su suka ji labarin daga nasu kakanni, a rubuta shi a cikin littafi guda da na mutanen gari.